Horar da 'Yan Sa-kai a Aikin Lambu: Abin da Jalingo Za Ta Koya Daga Tarihin Malaman Gona

JALINGO — A kowace shekara, da zarar ruwan sama ya ɗauke a wajejen ƙarshen watan Oktoba, sai gaɓar kogin Lamurde da ta Mayo Gwoi, waɗanda suka ratsa Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, su fara cika da masu noman rani. Daga waɗannan lambuna, da makamantansu a fadamun kogin Binuwai ta wajen Lau da Gassol da Karim Lamido, ake samun wani kaso na alayyafo da kuɓewa da tumatir da attaruhu da albasar da ake kasawa a kasuwannin garin.

Mai lambu yana buƙatar ƙasa da ruwa da iri da taki da ɗan jari. Akwai kuma abu na shida wanda ba kasafai ake sanya shi cikin lissafi ba, alhali kuwa shi ne yakan raba riba da hasara, wato sanin makamar aiki. Wanda ya san lokacin da ya dace a yi dashe, ya san bambancin cutar ganye da ƙarancin taki, ya kuma san yawan maganin da ake zubawa a tankin feshi, zai iya ɗibar amfani fiye da maƙwabcinsa da suka kashe kuɗi iri ɗaya a fangali iri ɗaya.

Aikin isar da wannan sani ga manoma yana wuyan malaman gona ne. To sai dai kuma yawansu bai taka kara ya karya ba. Ma'aunin da masana suka fi ambatawa shi ne malamin gona ɗaya ga iyalai kamar 800 zuwa 1,000, amma a jihohi da dama na Nijeriya malami ɗaya kan ɗauki nauyin iyalai dubbai. A jiha kamar Taraba, wadda ke da faɗin ƙasa fiye da murabba'in kilomita dubu 54, da ƙananan hukumomi 16, da hanyoyin da wasunsu ba sa biyuwa da damina, wannan giɓi ya fi fitowa fili. Dalili ke nan da ya sa batun horar da 'yan sa-kai daga cikin masu lambun kansu, domin su koyar da 'yan'uwansu, ya cancanci a dube shi da idon basira. Dabarar ba sabuwa ba ce a wannan yanki. An taɓa gwada ta, ta yi amfani, daga baya kuma ta yi rauni, kuma dalilan rauninta sanannu ne.

Dalilin da ya sa kasuwa ba ta wadatar da wannan ilmi

A fannin tattalin arziki, ilmin noma yana cikin kayan da ake kira na amfanin kowa. Idan aka sayar wa mutum buhun taki, ya zuba a gonarsa, buhun ya ƙare. Amma idan aka nuna masa yadda ake renon iri, maƙwabcinsa na iya leƙowa ta kan shinge ya koya ba tare da ya biya ko sisin kwabo ba, kuma wanda ya fara koyon bai ragu da komai ba. Saboda haka da wuya ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a sana'ar ba ƙananan manoma shawara, tunda ba shi da hanyar tilasta wa duk wanda ya amfana ya biya.

Abin da kan biyo baya shi ne, inda babu malamin gona, sai mai shagon sayar da iri da maganin ƙwari ya zama shi ne malamin. Da yawa daga cikin masu shagunan mutanen kirki ne, amma ribarsu tana cikin yawan abin da suka sayar, ga shi kuma ba dukkansu suka sami horo ba. Wannan hali na ilmi, wato sauƙin yaɗuwa daga baki zuwa baki, wanda ya hana 'yan kasuwa sha'awarsa, shi ne kuma ya sa tsarin 'yan sa-kai yake da araha. Hukuma za ta kashe kuɗin horar da mutum ɗaya, amfanin ya kai ga mutum goma ko fiye.

Yadda aka fara a Nijeriya

A tsakiyar shekarun 1970 ne aka kafa shirye-shiryen bunƙasa aikin gona na farko da rancen Bankin Duniya a Funtuwa da Gusau da Gombe. Ganin irin nasarar da aka samu, sai aka yi ta faɗaɗa su, har kowace jiha ta sami nata kafin ƙarshen shekarun 1980. Tsohuwar Jihar Gongola ma ta sami nata. Da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta raba Gongola gida biyu a ranar 27 ga Agusta, 1991, aka sami Adamawa da Taraba, sai sabuwar jihar ta kafa nata Shirin Bunƙasa Aikin Gona, wanda aka fi sani da TADP, da hedkwata a Jalingo.

Waɗannan shirye-shirye sun yi aiki ne da wani tsari da ake kira Horo da Ziyara, wanda wani masani ɗan Isra'ila mai suna Daniel Benor ya tsara, Bankin Duniya kuma ya yaɗa shi a ƙasashen Asiya da Afirka. Tsarin yana da ƙa'ida mai tsauri. Akan raba yankin kowane malamin gona zuwa rukuni takwas, ya riƙa ziyartar kowane rukuni a wata ƙayyadaddiyar rana sau ɗaya a mako biyu. Shi kansa malamin yakan halarci horo duk bayan mako biyu a hannun ƙwararru, su kuma ƙwararrun suna zama da masu bincike sau ɗaya a wata domin nazarin matsalolin da aka kawo daga gonaki.

Ginshiƙin tsarin shi ne wanda ake kira manomin tuntuɓa. A kowane rukuni akan zaɓi manoma kamar goma, malamin gona ya mai da hankali a kansu, ya yanki wani ɗan fili a gonarsu, galibi mita goma-goma, a gwada sabuwar dabara a gefen tsohuwa domin kowa ya gani da idonsa. Manomin tuntuɓa ba ya karɓar albashi. Abin da ake buƙata daga gare shi shi ne ya isar da abin da ya koya ga maƙwabtansa. Lissafin a takarda mai sauƙi ne: malami ɗaya, rukuni takwas, manoman tuntuɓa 80, idan kowannensu ya kai ga mutum goma, an isa ga manoma 800 ke nan. A ƙarshen shekarun 1980 kuma aka ƙara sashen mata a aikin gona, bayan da aka lura cewa malamai maza ba sa kaiwa ga matan da ke noma da sarrafa amfanin gona.

Inda aka yi tuntuɓe

Tsarin ya taimaka wajen yaɗa ingantaccen irin masara da na rogo da amfani da takin zamani. Amma kafin ƙarshen shekarun 1990 ya fara ja da baya a Nijeriya da sauran ƙasashen da suka rungume shi, har Bankin Duniya da kansa ya daina ɗaukar nauyinsa.

Babban dalili shi ne tsada. Ɗan sa-kai ba ya karɓar albashi, amma malamin da ke bayansa yana buƙatar albashi da babur da man fetur da kuɗin halartar horo. Muddin rancen waje yana shigowa, komai na tafiya daidai. Da rancen ya ƙare, nauyin ya koma kan baitulmalin jihohi, sai babura suka lalace ba gyara, malamai suka yi ta ritaya ba a maye gurbinsu ba, ziyarar mako biyu ta koma ta wata-wata, a wasu wuraren ma ta tsaya cak. Manomin tuntuɓar da ya daina ganin malaminsa ba shi da sabon abin da zai faɗa wa kowa, a hankali sai ya koma manomi kamar saura.

Dalili na biyu shi ne yadda ake zaɓen. Nazarce-nazarcen da aka yi a ƙasashe daban-daban sun nuna cewa sau da yawa masu hannu da shuni ko makusantan masu unguwa ake ɗauka. Irin wannan mutum yana iya sayen taki da magani yadda aka ce, amma talakan da ke kallon gonarsa sai ya ce ai kuɗi ne suka yi aiki, bai ga abin koyi ba. Wasu kuma sukan riƙe abin da suka koya a cikinsu, musamman a sana'a irin ta lambu inda wanda ya riga kowa kai kaya kasuwa shi ke cin riba.

Na uku, saƙon daga sama yake saukowa, iri ɗaya ga kowa, kuma ya fi karkata ga hatsi. Lambu kuwa sana'a ce mai rassa da yawa. Matsalar mai albasa daban take da ta mai tumatir, abin da ya dace da zafin Jalingo kuma bai dace da sanyin tsaunin Mambila ba, ko da yake jiha ɗaya ce.

Abin da shirin Fadama ya ƙara

Shirin Fadama na farko, wanda aka gudanar a shekarun 1990, ya mai da hankali ne ga kayan aiki, wato ƙananan injinan ban ruwa da rijiyoyin bututu marasa zurfi, waɗanda suka maye gurbin jigo da guga a wurare da yawa. Da aka zo shirin Fadama na biyu a shekarar 2004, wanda Taraba ke cikin jihohi 12 da Bankin Duniya ya tallafa wa, har da Abuja a cikin lissafin, sai aka sauya salo. Aka tara masu amfani da fadama cikin ƙungiyoyi, da manoma da masunta da makiyaya da mata masu sarrafa amfani, aka ba su damar faɗin irin shawarar da suke buƙata da kansu. Fadama na uku ya faɗaɗa wannan tsari zuwa dukkan jihohin ƙasar.

Darasin da ke nan shi ne, idan ƙungiya ce ta zaɓi wanda za a horar, tana da bakin da za ta tambaye shi abin da ya koyo. Amma shi ma wannan shiri yana da wa'adi, kamar wanda ya gabace shi, kuma ƙungiyoyin da aka kafa domin karɓar tallafi kaɗai ba kasafai suke daɗewa bayan tallafin ya ƙare ba.

Misalai biyu daga waje

A Jihar Washington ta Amurka, a farkon shekarun 1970, wani malamin gona na jami'ar jihar mai suna David Gibby ya ga tambayoyin masu lambun gida sun yi masa yawa har ya kasa amsawa. Sai shi da abokan aikinsa suka kawo shawarar a horar da masu sha'awar lambu sosai, su kuma su biya da lokacinsu ta hanyar amsa tambayoyin jama'a. A shekarar 1973 aka horar da rukunin farko na shirin da aka sa wa suna Master Gardener, wato gwanin lambu, daga nan ya bazu zuwa dukkan jihohin Amurka 50 da wasu lardunan Kanada. A yawancin jihohi akan ba mutum horon sa'o'i 40 ko fiye, shi kuma ya yi aikin sa-kai na wasu ƙayyadaddun sa'o'i kafin a ba shi shaida, kuma sai ya riƙa sabunta iliminsa in yana so ya ci gaba da riƙe ta.

Ba shakka halin da ake ciki ya bambanta. Da yawa daga cikin 'yan sa-kan Amurka 'yan fansho ne masu lambun nishaɗi, alhali mai lambun Jalingo da shi yake ci da iyalinsa, duk sa'ar da ya ba wani kuma daga aikinsa ya yanke ta. Abin ɗauka a nan shi ne dalilin daɗewar shirin fiye da shekara 50: yana jingine da jami'a, wadda ba ta da wa'adin ƙarewa, kuma akwai yarjejeniya bayyananniya tsakanin mai horarwa da wanda aka horar.

Misali na biyu shi ne makarantar manoma a gona, wadda Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fara a Indonesiya a shekarar 1989, bayan da yawan feshi ya kashe ƙwarin da ke cin masu ɓarna a gonakin shinkafa, annoba ta ƙaru. Manoma 25 zuwa 30 kan haɗu sau ɗaya a mako tun daga shuka har girbi, su duba gona tare, su yanke shawara da kansu. Waɗanda suka fi ƙwazo a cikinsu sukan zama masu jagorantar sabon aji. Wannan hanya ta dace da lambu ƙwarai, domin tana koya wa mutum ya lura kafin ya ɗauki mataki.

Abin da ɗan sa-kai zai koyar

Kowane ɓangare na wannan ilmi yana da daraja ta kuɗi. A fannin reno, tumatir kan yi kamar mako huɗu zuwa biyar kafin a dasa shi, albasa kuwa mako shida zuwa takwas. Irin da ya tsufa a wurin reno ba ya yin 'ya'ya yadda ya kamata, kuma da tsadar ingantaccen iri, kowane tsiron da ya mutu hasara ce. Haka nan tumatir da attaruhu da tattasai da yalo dangi ɗaya ne, cututtukansu kusan ɗaya, saboda haka maimaita su a fangali ɗaya shekara da shekaru yana tara cuta a cikin ƙasa.

A fannin ƙwari, shekarar 2016 ta isa misali. Wata tsutsa mai suna Tuta absoluta, wadda manoman Arewa suka laƙaba wa suna sharon, asalinta daga Kudancin Amurka, ta cinye gonakin tumatir a Kaduna da Kano da Katsina da wasu jihohi, har Gwamnatin Jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan noman tumatir a watan Mayu na shekarar, kamfanin sarrafa tumatir na Dangote da ke Kadawa kuma ya dakatar da aiki saboda rashin kaya. Tsutsar tana shiga cikin ganye ne ta ɓuya, ga ta da saurin sabawa da magani, don haka ƙara yawan feshi da magani iri ɗaya ba ya kashe ta. Abin da ke taimakawa shi ne gano ta da wuri, da ɗana tarko, da sauya nau'in magani, da ƙone ragowar shuka bayan girbi. Irin wannan yaƙi ba na mutum ɗaya ba ne, domin idan maƙwabci ya bar tasa gonar, ƙwarin za su dawo. A nan ne wanda ke zaune cikin jama'a ya fi baƙo tasiri.

Akwai kuma batun lafiya. Kowane maganin feshi yana da adadin kwanakin da za a jira kafin a ɗebi amfani, kuma an rubuta a jikin kwalba, amma galibi da Turanci. Alayyafon da aka fesa jiya aka kai kasuwa yau haɗari ne ga mai ci. Hasarar ba ta tsaya a gida ba: a shekarar 2015 Tarayyar Turai ta dakatar da shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a cikinsa.

Daɗin daɗawa, ga matsalar kasuwa. Da yake kusan kowa yana dashe a lokaci ɗaya, tumatir kan yi yawa daga Janairu zuwa Maris, farashi ya faɗi, kwanduna su ruɓe a hannun dillalai, sannan ya yi tsada daga Mayu zuwa Yuli. Ɗan sa-kan da aka koya wa ƙara yawan amfani kaɗai, ba a koya masa rarraba lokacin dashe da shanya da amfani da akwatunan roba maimakon kwando da rubuta abin da aka kashe ba, zai iya jefa jama'arsa cikin hasara da kyakkyawar niyya.

Abin da Jalingo ke da shi

Garin bai rasa tubalin gini ba. Akwai Kwalejin Aikin Gona ta Jalingo, da Jami'ar Jihar Taraba da aka kafa a shekarar 2008 wadda ke da tsangayar aikin gona, ga kuma hedkwatar TADP. A wajen jihar akwai Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa da ke Ibadan, wadda ke da reshe a Dadin Kowa ta Jihar Gombe, da cibiyar NAERLS ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, wadda aikinta shi ne sada masu bincike da malaman gona. A zamanin Gwamna Darius Ishaku an gina katafaren lambun rumfa na zamani a Jalingo, inda aka noma kokwamba da tattasai da makamantansu. Irin wannan aiki yana nuna abin da fasaha za ta iya, amma yana cin jari mai yawa a wuri ɗaya, alhali mafi yawan miyar da ake ci a garin daga ƙananan fangalai take fitowa.

Idan za a farfaɗo da tsarin 'yan sa-kai, tarihin da aka bayyana ya nuna sharuɗɗan da ba makawa sai an cika. Ƙungiyar masu lambu ce ya kamata ta zaɓi wakilinta, a kuma tabbatar da akwai mata da matasa a ciki. Horon ya kasance a cikin lambu, tsawon kakar noma guda, da Hausa da Fulfulde da Mumuye da sauran harsunan da jama'a ke ji. A ƙulla yarjejeniya a kan yawan mutanen da kowa zai koyar. A saka wa ɗan sa-kai da abin da zai rage masa hasarar lokacinsa, kamar ingantaccen iri ko takardar shaida ko damar sayar da irin dashe ga maƙwabta, wanda kan iya zama sana'a mai zaman kanta. Wayar hannu, wadda babu ita a zamanin Horo da Ziyara, ta sauƙaƙa aika hoton ganye mai cuta ga ƙwararre, da sharaɗin akwai ƙwararren da zai duba ya ba da amsa.

Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mafi nauyi, kuma a kansa tsarin baya ya karye. Hausawa na cewa da ɗan gari akan ci gari, amma ɗan garin ma sai da wanda zai koma wa idan abu ya shige masa duhu. Albashin malamin gona da man baburinsa da kuɗin horonsa abubuwa ne da ake biya kowace shekara, saboda haka wurinsu yana cikin kasafin kuɗin jiha da na ƙananan hukumomi. Rancen waje yana iya taimakawa wajen farawa, amma yana da ranar ƙarewa, masu lambun gaɓar Lamurde kuwa za su ci gaba da buƙatar amsar tambayoyinsu a kowace kakar rani.